Minti Biyar Kacal: A Bar Yara a Mota Ko a Fito da Su?

Maganar da ta tayar da ƙura ita ce: "Wanda zai shiga banki ko kemis na minti biyar, in ya ajiye mota a inuwa ya ɗan sassauta gilashi, babu laifi ya bar yara a ciki."

Direba: Jama'a, a yi adalci, ba kowane bari ne ganganci ba. Ga mace da yara uku, ɗaya a goye, biyu masu tafiya, ta tsaya a bakin titi za ta karɓi magani a kemis ɗin da ke tsallake. Wanne ya fi hatsari: ta ja su su ratsa tsakanin 'yan adaidaita da masu babur, ko ta bar su a kujerar baya, mota a inuwa, gilashi a sauke kamar faɗin yatsu uku, makulli a hannunta, tana hango su? Ni na biyun nake gani ya fi sauƙi.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, faɗin yatsu ukun nan shi ne abin da ya fi yaudarar mutane. An gwada shi. A 2005 mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, ta buga binciken da aka auna zafin cikin mota a ranakun da zafin waje yake tsakanin digiri 22 zuwa 36. A awa ɗaya cikin motar ya ƙaru da kusan digiri 22, kuma kashi 80 cikin 100 na ƙarin ya faru ne a rabin awar farko. Da aka ɗan sassauta gilashi, bambancin bai taka kara ya karya ba. Minti goma na farko kaɗai suna ƙara wajen digiri 10. To a ɗora wannan a kan Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, inda digiri 40 ba labari ba ne: kafin a gama cike takardar banki cikin mota ya doshi 50.

Dalili kuwa, hasken rana yana ratsa gilashi ya sauka a kan dashbod da kujeru, su kuma su mayar da shi zafi, zafin ya rasa hanyar fita. 'Yar kafar saman gilashi ba ta isa ta sa iska ta ratsa ta kore shi ba.

Direba: Sista, ai inuwa na ce, ba rana ba. Kuma in bincike za a bi, akwai wanda aka yi a Jami'ar Jihar Arizona a 2018, ya nuna a rana yaro ɗan shekara biyu zai kai matakin hatsari cikin kusan awa ɗaya, a inuwa kuwa sai an doshi awa biyu. Ina minti biyar, ina awa biyu?

Ma'aikaciyar jinya: Binciken gaskiya ne, amma ka duba abin da ya auna: lokacin da zafin cikin jikin yaro zai kai digiri 40, wato bakin bugun zafi. Ba a nan wahala take farawa ba. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba, ruwan jikinsa kaɗan ne, guminsa bai kai ya sanyaya shi ba, ga shi a ɗaure a kujera mai soso wadda ke riƙe zafi a bayansa. Yaron da yake da zazzaɓin cizon sauro ko gudawa, wanda shi ne ma aka tsaya sayo wa magani, ya riga ya ci rabin tafiyar tun daga gida. In zafin jiki ya doshi 41.7, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suna fara lalacewa, kuma ba kowace lalacewa ce take gyaruwa ba.

Sannan inuwa ba ta zama wuri ɗaya. Inuwar darbejiyar da ta rufe mota da ƙarfe goma sha ɗaya, kafin sha biyu ta janye ta bar gilashin gaba a fili.

Malamar makaranta: Ni abin da ban yarda da shi ba ma shi ne minti biyar ɗin. A ina ake yin minti biyar a banki? A ce babu netwok, ko na'urar cirar kuɗi ta riƙe kati, ko a haɗu da wanda ba a iya wuce shi ba a gaisa ba. Haka ranar Juma'a: a bar yara a mota a bakin masallaci da tsakar rana, a ce raka'a biyu ce kawai, alhali ga huɗuba, ga cunkoson fita, ga motocin da suka toshe hanya. Niyyar mai barin minti biyar ce, agogo kuwa bai san niyya ba.

Direba: To, a bar injin a kunne da esi. Magana ta ƙare.

Makanike: Oga, nan ne ma magana ta fara. Mota in tana gudu, iskar hanya ce take sanyaya lagireto. In tana tsaye injin yana aiki, komai ya dogara da fanka. Fiyus ya ƙone, ko rile ya saki, ko motar fankar ta gaji, cikin 'yan mintuna allurar zafi ta haye. Motoci da yawa in injin ya yi zafi kwamfutarsu takan yanke kwamfureso don ta ceci injin. Abin da ya rage sai fankar ciki tana hura iska mai zafi, gilasai kuma a rufe ruf, tunda don esi aka rufe su. Haka in fambel ya tsinke ko mai ya ƙare. Daga nesa za ka ga mota lafiya lau, ciki kuwa tanderu ne.

Na biyu, salansa. Galibin motocin da ke kan titunanmu sun ga shekaru, salansa ta sha walda, ƙasan mota ya yi tsatsa, robar but ta mutu. Hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Yaro zai yi ciwon kai, ya yi jiri, ya kwanta kamar barci. Mai leƙowa ta gilashi sai ya ce ai barcinsa yake yi.

Na uku, in injin yana kunne to komai yana da wuta. Gilashin lantarki yana da ƙarfin matse wuyan yaro, musamman tsofaffin maɓallan da ake dannawa ƙasa gilashi ya hau: yaro ya leƙa kai waje, gwiwarsa ta hau maɓalli, shi ke nan. Giya kuma, a Amurka sai daga 2010 aka wajabta wa duk motar otomatik cewa ba za a fitar da ita daga fakin ba sai an taka birki. Tsohuwar tokumbo ba lallai tana da wannan ba, wata kuma tana da shi ya lalace. Mai giyar hannu kuwa, a buge giya a sauke hambirki, in akwai gangara ta tafi. Kada a manta da yaron da zai danna makullin tsakiya alhali makulli yana ciki, da ɓarawon da ya tarar da mota a kunne.

Direba: Injiniya, wannan na karɓa. Esi ba mafita ba ce. Amma har yanzu ba a amsa mini batun tsallaka titi ba.

Malamar makaranta: Amsarsa ba a cikin mota take ba. A zagaya a ajiye mota a hannun kemis ɗin, ko a kira yaron shago ya miƙo, ko a fara sauke yara a gida. Fitowa da yara uku wahala ce, babu mai musu, amma wahala ce da ake gani da ido ana kiyaye ta.

Lauya: Bari in shigo da batun shekaru, don Malam Direba yana da 'yar gaskiya a nan: jariri daban, ɗan shekara goma sha uku daban. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2001 cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa ba a barin shi a mota in akwai hatsari, ko injin yana kunne, ko makulli yana jiki, sai tare da wanda ya kai 12. Italiya ta bi ta wata hanya: tun ƙarshen 2019 duk mai ɗaukar yaron da bai kai shekara 4 ba dole ya kasance da na'urar da za ta yi ƙara in an fita an bar shi. A nan gida Najeriya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa maslahar yaro a gaban komai, dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na Arewa, kuma tana hukunta sakacin da ya jawo asarar rai. "Ban yi niyya ba" yana rage nauyin tuhuma, ba ya goge ta.

Ma'aikaciyar jinya: Barista, dokar Italiya ta taɓo inda abin ya fi yawa. A Amurka, inda ake ƙirga waɗannan mace-mace tun 1998, yara wajen 37 ne suke mutuwa a shekara, a 2018 da 2019 kuma an samu 53 kowace shekara. Fiye da rabi mantuwa ce, wajen kashi ɗaya cikin huɗu yaran ne suka shiga da kansu, waɗanda aka bari da sani sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mantuwar takan zo ne ranar da tsari ya canza: uban da bai saba kai yaro ba ya ɗauke shi, yaron ya yi barci a baya, hannu ya bi hanyar ofis da ya saba. Maganinta mai arha ne: a ajiye waya ko jaka a ƙasan kujerar baya kusa da yaron. In an dawo daga biki ko Islamiyya da mota cike da yara, a ƙirga su a bakin ƙofa, direban motar makaranta kuma ya taka har kujerar ƙarshe kafin ya kulle.

Makanike: Masu shiga da kansu ɗin nan su ne namu. A watan Disamban 2021 an tsinci gawar yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagiri na Legas. Kowace unguwa tana da irin wannan mota, tayoyi a sace, ƙura ta rufe gilashi. Yara su shiga wasan ɓuya, ƙofa ta rufe, makullin yara na ƙofar baya, mai hana buɗe ta daga ciki, yana kunne ko hannun ciki ya karye, batir ya mutu balle gilashi ya sauka ko a danna oda. Motar gida a kulle ta ko a cikin gareji, makulli a rataye inda hannunsu bai kai ba. Wadda ta mutu a cire mata ƙofa ko a sayar wa 'yan gwangwan. In yaro ya ɓata, a fara duba rijiya da motoci, har da but, kafin a tafi cigiya. Motocin Amurka daga samfurin 2002 suna da wani hannu mai haske a duhu a cikin but, na buɗe shi daga ciki, a nuna wa yara shi.

Direba: In an tarar da yaro a motar da ba taka ba fa? Fasa gilashin wani ba wasa ba ne.

Ma'aikaciyar jinya: A duba shi tukuna. In yana wasa yana amsawa, wani ya tsaya a wurin, wani ya shiga neman mai motar, a kira lambar gaggawa ta 112. In ya yi laushi, ko jikinsa ya yi ja, ko yana numfashi sama-sama, ko an buga gilashi bai motsa ba, ba a jira. Da an fito da shi a kai shi inuwa, a tuɓe masa kaya, a kwara masa ruwa mai sanyi a jiki ana fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya aiki a nan, don ba zazzaɓi ba ne. A ci gaba da sanyaya shi a hanyar asibiti, kuma a kai shi ko da ya farfaɗo, saboda illar ƙoda da hanta tana iya bayyana daga baya.

Makanike: Gilashin gefe ake fasawa, wanda ya fi nisa da yaron, a kusurwa ba a tsakiya ba, da abu mai tsini kamar bakin sifanar taya. Na gaba mai leda ne a tsakani, tsagewa zai yi ba zai zube ba.

Direba: To, a kan jariri da ɗan ƙasa da shekara bakwai na sauka. Amma ɗan shekara goma sha biyu mai hankali, da safe ko bayan la'asar, mota a kashe, gilasai a sauke duka, ni ban ga laifi ba.

Makanike: Kafin a bar shi a gwada shi, Oga. A zaunar da shi a baya, a kunna makullin yara, a zare makulli, a ce ya fita. In ya san ya tsallaka gaba ya buɗe ƙofar direba ba tare da an gaya masa ba, sai a yi maganarsa. Amma shi kaɗai, ba a haɗa shi da goyo ba.