Mene ne ainihin nisan da ke tsakanin Singafo da New York ta jirgin sama?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa tafiyar jirgin fasinja mafi tsawo a duniya ita ce wadda kamfanin Singapore Airlines yake yi tsakanin Singafo da New York, mai nisan kusan kilomita 15,350. Sai dai da na bi sawun jirgin a intanet, na ga ya ci fiye da kilomita 16,000, kuma hanyarsa a lanƙwashe take, ba miƙaƙƙiya ba. Wanne ne daidai a cikin lissafin biyu?

Malamin Taswira:
Wa alaikumus salam. Malam, duka biyun daidai ne, amma ba abu ɗaya suke aunawa ba. Kilomita 15,350 ita ce hanya mafi gajarta a bisa doron duniya, kuma da yake duniya a dunƙule take, hanyar takan fito a lanƙwashe idan aka zana ta a shimfiɗaɗɗiyar taswira, musamman irin wadda wani masanin taswira mai suna Mercator ya tsara a 1569, wadda take kumbura ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa. Idan ka samu ƙwallon taswirar duniya, ka ɗora zare daga Singafo zuwa New York ka ja shi ya yi tauri, za ka ga ya bi ta kusa da ƙuryar arewa. Tsawon wannan zaren shi ne adadin da ka karanta.

Tsohon Injiniya:
Bayanin Malam ya yi, amma a ganina bai taɓo inda gizo yake saƙa ba. Matuƙi lokaci da mai yake lissafawa, ba kilomita ba. A can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda gudunta kan wuce kilomita 200 a sa'a guda, kuma jirgin da ya samu tana tura shi ta baya yana iya riga wanda ya bi gajeriyar hanya isa, ko da ya yi zagaye. Saboda haka jirgin yakan tashi daga Singafo ya ratsa tekun Fasifik, a dawowa kuma sau da yawa yakan ƙetare tekun Atlantika ya bi ta Turai da Indiya, wato gabas yake fuskanta a zuwa da dawowa, har ya zama ya kewaye duniya. Ga kuma batun sararin samaniyar Rasha, wanda gajeriyar hanyar take ratsawa, amma kamfanoni da yawa suke kauce masa tun 2022.

Malama Mai Yawo:
Ƙarin da zan yi shi ne, tafiyar tana ɗaukar fiye da sa'o'i 18 ba tare da yada zango ba, a jirgin Airbus A350-900ULR mai ɗaukar lita 165,000 ta mai. Kujeru 161 kacal ke cikinsa, babu ɓangaren masu ƙaramin tikiti.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na gwada zaren a kan ƙwallon taswira, kuma lallai ta arewa ya bi. Abin da ya rage mini shi ne, a lokacin sanyi da wannan iska take ƙara ƙarfi, shin hanyar dawowar takan sauya?