Neman shawara: lokacin Makka da kwanan watan Hijira a sa hannuna sun hana a amsa mini a Wikipedia

Mai tambaya, daga Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubutu a Wikipedia ta Hausa, akasari a kan wuraren aikin Hajji da tarihin Hausawan Hijaz, kuma nakan leƙa ta Larabci idan ina neman madogara. Da yake a nan da kwanan watan Hijira muka saba lissafin azumi da Hajji, sai na ƙirƙiri wani ƙaramin shafi a ƙarƙashin sunana na mayar da shi samfurin sa hannu. A ciki na sa sunana da koren launi, sannan na sa umarnin #time ya fitar da kwanan watan Hijira tare da lokacin Makka. Tun daga nan nake sa hannu da alamar ~ guda uku maimakon huɗu, domin kada lokaci ya fito sau biyu.

Abin da ya dame ni shi ne, maɓallin amsa da yake fitowa a ƙarshen maganar kowa ba ya fitowa a ƙarshen tawa, har wani edita daga Kano ya ce mini ya so ya amsa mini ya rasa inda zai danna. Na kuma lura cewa maganar da na rubuta a watan Sha'aban yanzu tana ɗauke da kwanan wata na Shawwal, kamar jiya na rubuta ta. Da na kwafi wannan sa hannun zuwa saitunana na Wikipedia ta Larabci kuwa, jan rubutu kawai ya fito. Ina neman shawararku a kan yadda zan gyara ba tare da na rabu da kwanan watan Hijira ba, don abu ne da nake so ƙwarai.

Wani ɗalibi daga Madina:

Wa alaikumus salam Malam. Alamomin ukun nan su ne tushen matsala ta farko. A manhajar MediaWiki da Wikipedia take aiki da ita, uku suna ba da suna kaɗai, huɗu suna ba da suna da lokaci, biyar kuma lokaci kaɗai. Lokacin da huɗun suke bugawa ba don idon mai karatu kawai aka yi shi ba, manhajoji ma da shi suke gane inda maganar mutum ta ƙare da kuma wanda ya yi ta. Maɓallin amsa na DiscussionTools, wato kayan aikin shafukan tattaunawa, wanda aka fara gwada shi a 2020 a Wikipedia ta Larabci da ta Faransanci da ta Holanci da ta Hungariyanci, abu biyu yake nema kafin ya fito: mahaɗi zuwa shafinka ko shafin tattaunawarka ko jerin gudummawarka, sannan lokaci a rubuce daidai da tsarin wannan wikin, tun daga sa'a da minti har zuwa sunan wata da haruffan yankin lokaci da suke cikin baka a ƙarshe. Idan ya ga "12 ga Shawwal" ba ya ɗaukarsa a matsayin lokaci ko kaɗan, don haka a wurinsa ba ka sa hannu ba.

Shawarata ita ce ka koma alamomi huɗu, ka bar kwanan watan Hijira a gaban sunanka idan kana so, lokacin manhaja kuma ya biyo baya.

Wata 'yar'uwa daga Makka:

Ƙanina na Madina ya yi bayani daidai, amma ban goyi bayan shawararsa ta ƙarshe ba, kuma dalilina yana cikin matsala ta biyu da Malam ya ambata, wato sauyawar kwanan wata.

Duk samfurin da aka sa a akwatin sa hannu, manhajar da kanta take liƙa masa subst, ma'ana ta kwafe abin da yake cikinsa ta zuba a shafin tattaunawa. Sai dai mataki ɗaya kawai take kwafewa. Umarnin #time da yake cikin samfurin yana sauka a shafin da ransa, bai zama rubutu tsayayye ba, saboda haka duk sanda aka sake gina shafin, ko don wani ya ƙara magana ko don an sabunta ma'ajiyar wucin gadi, sai ya sake lissafi ya ba da ranar da ake ciki. Abin da ya mayar da Sha'aban Shawwal ke nan. Malam, ka buɗe shafin ta ɓangaren gyaran lamba, za ka ga umarnin yana nan zaune a ƙarshen kowace magana taka. Wani zai ce a saka wani subst ɗin a cikin samfurin domin ya daskare, amma tun 2020 da aka fito da sababbin sharuɗɗan sa hannu a wikin Wikimedia aka hana subst a cikin subst, tare da wajabta mahaɗin shafin mai sa hannu da hana kurakuran lambar HTML. Ga kuma iyakar haruffa 255 da akwatin yake da ita.

Akwai wani abin da ya fi damuna a matsayina na mazauniyar Makka. Kwanan watan Hijira da MediaWiki take fitarwa na lissafi ne tsantsa, ba kalandar Ummul Ƙura da hukuma take aiki da ita a nan ba ce, ba kuma ganin wata ba ne. Suna iya saɓawa da kwana ɗaya, wani lokacin har biyu. Ba na so mai rubutu a kan Hajji ya sa hannu a ranar Arfa, sa hannun nasa kuma ya ce 8 ga wata ake ko 10. Idan kwanan watan yana da muhimmanci a wata magana, a rubuta shi da hannu a cikin maganar kamar yadda ake yi a wasiƙa, sa hannun kuma a bar shi yadda manhaja ta buga.

Mai tambaya, daga Jidda:

Na gode Hajiya, na duba na ga umarnin kamar yadda kika faɗa. To amma batun lokaci fa? Na saita yankin lokacina a kan Riyad, duk da haka alamomi huɗu ba lokacinmu suke bugawa ba.

Wani dattijo ɗan Mai Wurno ta Sudan, mazaunin Jidda:

Ɗana, wannan saitin naka ne kai kaɗai. Yana sauya lokacin da kake gani a tarihin shafi da jerin sauye-sauye da jerin shafukan da kake sa wa ido, amma ba ya taɓa abin da ake bugawa a sa hannu, domin wannan na wikin ne gaba ɗaya, kuma dole kowa ya bi agogo ɗaya. Ka duba yadda muke a warwatse. Saudiyya tana gaban UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, da awa 3, Nijeriya da Nijar da awa 1, Sudan kuma da awa 2 tun ranar 1 ga Nuwamba 2017, alhali kafin nan awa 3 ne kamar nan. Idan ka rubuta magana da ƙarfe 1:30 na daren wayewar Alhamis a Jidda, a Kano 11:30 ne na daren Laraba, a Mai Wurno 12:30, a agogon UTC kuma 22:30 na Laraba. Mutumin Kano da ya amsa maka bayan minti goma, idan shi ma agogon gidansu ya buga, amsarsa za ta fito a Laraba, ta zama kamar ta riga tambayarka ta Alhamis. A wajen zaɓen mai gudanarwa ko muhawarar goge maƙala, inda ake da ranar rufewa, wannan ba ƙaramar rigima zai haifar ba.

Haka nan bot, wato manhaja mai aiki da kanta, da yake kwashe tsofaffin tattaunawa zuwa taska, irin archivebot na Pywikibot, lokacin sa hannu yake karantawa ya san tsufan zance. Zancen da bai ga lokaci a ciki ba yakan bar shi a shafi ya yi ta zama.

Ɗalibin Madina ya ƙara da cewa:

Na karɓi gyaran Hajiya. Game da jan rubutun Wikipedia ta Larabci, dalilinsa shi ne kowane wiki da nasa shafukan, ƙaramin shafin da ka ƙirƙira a ta Hausa babu shi a can. Ko da ka ƙirƙira shi ma, can sunan wata da Larabci suke bugawa, da waƙafin Larabci, kuma haruffan ت ع م ne suke nuna yankin lokaci, don haka lokacin da aka rubuta da tsarin wani wikin ba zai karɓu ba. Alamomi huɗu ne kaɗai suke bin tsarin duk inda ka shiga. Idan launin kake so, ka rubuta shi kai tsaye a akwatin sa hannu ba ta samfuri ba, ka tabbatar ka rufe kowace lamba da ka buɗe. Agogon Makka mai sabunta kansa kuwa, shafinka na edita ne wurinsa, can ba wanda zai cutu da sauyawarsa.

Mai tambaya, daga Jidda:

Allah ya saka da alheri. Na cire samfurin, na gwada a shafin gwaji, maɓallin amsa ya fito. Saura tsofaffin maganganuna da suke warwatse, yaya zan yi da su?

'Yar'uwar Makka:

Ka fara da tattaunawar da har yanzu ake yi, waɗanda aka rufe ba su da gaggawa. Kafin ka taɓa komai ka mayar da yankin lokacinka na saituna zuwa na wikin, in ba haka ba tarihin shafi zai nuna maka lokacin Riyad, ka kwafe shi a madadin na wikin ba ka sani ba. Ka nemo gyaran da ka yi maganar a cikinsa, ka goge umarnin #time, ka rubuta lokacin na asali kana kwaikwayon sa hannun wanda yake kusa da kai harafi da harafi. Da hannu za ka buga shi, domin kwafe daga shafin da yake cakuɗe da Larabci yakan ɗauko ɓoyayyun alamomin alkiblar rubutu waɗanda ido ba ya gani, kuma suna iya rikita wasu manhajojin. Kada ka sa alamomi biyar a wurin, lokacin yau za su buga. Sannan ka rubuta a taƙaitaccen bayanin gyara cewa lokacin sa hannu kawai ka daidaita, don kada abokan muhawara su zaci ka sauya maganarka bayan sun amsa.