Me za mu kira sauron da ya zo ya ƙi tafiya?

1/ Ma'aikatan rediyo da malaman asibiti, ku matso. Turawa suna da kalmar invasive species, wato halittar da ta baro ƙasarta ta yaɗu a wani wuri har ta zama masifa. Muna buƙatar Hausarta, kuma sauro ne ya jawo maganar.

2/ A bakinmu sauro sauro ne, alhali a gari ɗaya akwai iri-iri. Mai kuka a kunne da dare, wanda ke ƙyanƙyashewa a baƙin ruwan kwata, shi ne Culex. Mai ɗigon fari a ƙafa, Aedes ke nan, mai kawo ciwon shawara da zazzaɓin dengue. Da rana yake cizo, lokacin da gidan sauro ke naɗe, kuma ɗan ruwan da ya kwanta cikin tsohuwar taya a ƙofar mai faci ya ishe shi haihuwa. Anopheles na maleriya da muka saba da shi ya fi son kududdufin damina, shi ya sa ya fi addabar ƙauye.

3/ Sai ga Anopheles stephensi, ɗan asalin Indiya da yankin Larabawa. A 2012 aka fara ganinsa a Jibuti, shekarar da ƙasar ta ƙirga masu maleriya 27 kacal. Zuwa 2020 sun haura 73,000. An gan shi a Habasha da Sudan a 2016, a jihar Gombe a 2020, a Gana a 2022. Shi bai damu da damina ba. Tankin ruwa, duro, randar da ba murfi, kwarmin siminti na masu gini, duk gida ne. A 2022 da rani tsaka maleriya ta ɓarke a birnin Dire Dawa na Habasha.

4/ To, wane suna?

"Baƙon sauro" ne zai fara zuwa baki. Ban yarda ba. Baƙo raɓa ne, gari na wayewa ya tafi, kuma Bahaushe shimfiɗa yake yi wa baƙo.

"Ɗan ci-rani" ya ba ni dariya, don kuwa rani yake ci da gaske. Sai dai ɗan ci-rani yana komawa gida in ruwa ya sauka.

"Ɗan mamaya" ya fi kusa, amma yana da ƙamshin soja da rugugi. Wannan kuwa shiru ya shigo, sai da ya yi 'ya'ya da jikoki aka farga.

5/ Ni dai na tsaya a kan "ɗan kama-wuri-zauna". Yana da tsawo, kuma na san labaran siyasa sun riga sun ɗora masa kaya. Amma duk wanda ya ji zai gane cewa abin ba na nan ba ne, kuma ba shi da niyyar tashi. Na gwada shi a kan ciyawar kachala da ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru, da tsutsar masarar da ta ɓullo daga nahiyar Amurka a 2016, ya zauna daram.

6/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ya yi muku daɗin faɗa a sanarwar rediyo, ko kuna da wanda ya fi shi gajarta?