Me zan yi wa ƙanina na sadaka?

Maman Ummi: Salam 'yan uwa, 'yan bindiga suka harbe ƙanina a hanyar Funtua zuwa Gusau, shekara ɗaya kenan, yaron da ko almajiri ya gani sai ya raba masa ƙosansa, wallahi na gaji da kuka, wane alheri zan yi da sunansa?

Baban Sadiq: Allah ya jiƙansa Hajiya. Rijiya ko bohol, sadaka mai gudana ce.

Yar Katsina: Bohol akwai tsada fa yaya. Mu randa muka ajiye ƙofar gida da moɗa, kullum mama ke cikawa, 'yan acaba har layi suke.

Maman Ummi: Randar nan ta kwanta min, gobe zan shiga kasuwa insha Allah.