"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi": wa kawuna yake nufi?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. Jiya bayan isha'i cacar baki ta kaure a majalisarmu tsakanin kawuna da wani yaron unguwa mai aiki da masu rabon dashen itatuwa. Yaron ya ce matanmu ne ke jawo hamada da girkin itace, gara a hana su. Kawu tsohon ɗan PRP ne, bai bari ya dire ba ya ce, "Kai yaro, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi." Ya ce hayaƙin da Afirka gaba ɗayanta ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma mu ne da fari, mu ne da ambaliya, masu masana'antu su ne da riba. Yaron ya tashi fuu, wai an ce masa gardi. Yau ko gaisawa ba su yi ba. Maganar ta zauna a nan kuwa?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Ta zauna daram, kuma ba yau ta fara zama ba. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, aka ce haraji sai da kuɗin Bature, manomi ya rage gero ya ƙara gyaɗa. Mu ne da noma da ɓara da dako, mai da sabulu na Ingila. Ko a yunwar Kakalaba ta 1914 karɓar haraji bai tsaya ba. A gaishe mini da Kawu.

Bakatsiniya: Malam, ban yarda ba. Yaushe kura ta zama abin tausayi? Ita fa da alhakin awakin mutane a kanta. Talaka akuyar wa ya ci? In Turawa ake nufi, da suka ƙona gawayin ƙasa shekaru aru-aru sannan su zo su duba mana murhu, ai "mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi" ta fi dacewa.

Mai Shayin Tasha: Hajiya, gardin da na sani duk shekara huɗu yake zuwa, da taliya da sabulu da turmin atamfa. Ya kaɗa mu mu yi rawa, ya wuce Abuja 😂

Ɗan Jibiya: Kai dai bari. Taron sauyin yanayi na Dubai a 2023, sama da mutum 1,400 aka rubuta da sunan Najeriya. Mu da ruwa ya ci garinmu a 2018 ba wanda ya tambaye mu ko muna da abin faɗa.

Na Kusugu: Ku ba ni wuri in faɗi abin da kakata, Allah ya ji ƙanta, ta sha ba mu a tsakar gida. Tana yarinya lokacin yaƙin Hitila aka yi ɗiban gwamna, ana kwasar maza zuwa haƙar kuza a Jos. Ta ce da hantsi dogari ya shigo ƙauyensu, mai gari na biye da shi yana nuna gidaje da sanda. Aka tafi da babanta ana tsaka da noman farko. Gidan mai gari kuwa, da samari a cike, ba a taɓa ko ɗaya ba. Uwarta ta kama hauya da goyo a baya, ciyawa ta fi ƙarfinta, geron ya tashi tsilli-tsilli. Kafin kaka sun koma tafasa da zogale ba ƙuli, ta sayar da tasoshin aurenta ɗaya bayan ɗaya. Da baban ya dawo, sanyin dutse ya riga ya shige masa ƙirji. Ta ce da dare tarinsa ake ji har maƙwabta, kuma bai sake ɗaukar galma ba har ya koma ga Allah.

Abin da ya sa na kawo wannan: kakata ta ce ba ta taɓa sa Bature a ido ba sai da ta yi 'ya'ya. Duk wanda ya cuce su da Hausa ya yi musu magana. Ko da ta yi aure, malamin daji ya ci tarar kakanmu don ya sassabo wa awaki reshen gawon da ke cikin gonarsa ta gado. Daga ranar, duk tsiron da ya fito a gonar sai ya tuge shi tun yana ƙarami, ya ce ba zai rena wa gwamnati itace ba. Danginta na wajen Magarya, da iyakar Ingila da Faransa ta raba mu da su, haka suka yi fama da dokar daji. Amma da aka sakar wa manomi itacen gonarsa, ku je ƙasar Maraɗi da Damagaram ku ga gawo. Ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo, kuma yawanci ba dashe ba ne, kututture ne aka bari ya tofo.

Bakatsiniya: Allah ya ji ƙan Iya. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Sawaba Har Gobe: Amin. Ka ji dalilin kafa NEPU a 1950 ke nan, ƙanena. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bature ya ci Katsina a 1903, ya sauke sarki ya ɗora wanda zai yi aiki da shi, ya bar hakimi da dagaci su tara masa. Shi ya sa da Balarabe Musa na PRP ya hau gwamna a 1979, lokacin Katsina da Daura na cikin jihar Kaduna, ya soke haraji da jangali. A 1981 suka tsige shi. Marigayi Dokta Bala Usman har ya bar duniya yana nuna mana cewa na waje ba ya ci sai da na gida.

Ɗan Jibiya: Yaya, ƙara da Arlit, garin haƙar yuraniyom a Nijar. Daga 1971 Faransa ta yi shekara da shekaru tana kwasar yuraniyom tana haska biranenta, Nijar na sayen wuta daga wajenmu. Da aka yi juyin mulki a 2023 muka yanke musu wutar, aka rufe iyaka. Mai dakon kaya a Magama da mai tallan fura a Kongolam su suka ji a jika, ba masu khaki ba.

Almajirin Malam: Ni fa kar a mayar da sojojin nan waliyyai. An kori Faransa, Rasha ta shigo. Kura tana nan da takunkuminta, gardin ne ya sauya. Kuma ku riƙa sa Allah a lamarin, fari jarrabawa ne.

Malamin Firamare: Jarrabawa ce, Malam, amma zalunci ma da hisabinsa. A taron sauyin yanayi na Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara, suka makara, kuma mafi yawan abin da ya zo bashi ne.

Mai Shayin Tasha: Ko kyauta ce ina za ta iso? Akwai wanda duk damina sai ya dasa itace ɗaya gaban 'yan jarida, a rami ɗaya. Akuya ta san ranar, tana jira a gefe 😂

Uwar Biyu: Ku dai kun bar yaron mutane a baya. Ɗan albashin da yake karɓa bai kai a ce masa gardi ba, ko mai kiɗan gardi bai kai ba. Kuskurensa ɗaya, ya zo ya cika mini tukunyar gas kafin ya hana ni itace.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na karanta wa Kawu duka. Ya ce shi bai ce yaron ne gardi ba, amma tunda ya tsargu shi ya sani. Ya kuma ce a tambayi Hajiya: 'yan kallon da ke jefa wa gardi kuɗi fa, su waye?

Bakatsiniya: A ce wa Baba ni har yanzu ban yarda mu ne kurar ba, balle a kai ga 'yan kallo. Na Kusugu, wai an biya baban Iya ko sisi kuwa?