"Shiru ma magana ce": wa ke jin ta yanzu?

Ɗan Ƙofar Marusa: Jama'a, karin maganar nan ta tsaya min a rai. Jiya da daddare aka ɗauke wuta, janaretan maƙwabcina kuma mai ya ƙare masa. Unguwa ta yi tsit, har ina jin kukan gyare da tarin wani tsoho daga gida na uku. Abin dariya, sai barci ya gagare ni, wai shirun ya yi min yawa! To kunnen da ya saba da hayaniya haka, ta ina zai ji shirun mutum har ya gane magana ce?

Malam Tela: Ɗan'uwa, ka gwama shiru biyu. Na gari daban, na baki daban, kuma na baki ake nufi. Ka roƙi dattijo abu, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ai ya amsa maka. Sai ka nemi takalmanka.

Hajiya 'Yar Daura: Malam, ba kullum yake nufin a'a ba. A hadisi, shirun budurwa idan an nemi izininta kan aure yarda ce. Amma mu mata mun san wani shirun: yarinya ta yi gum, hawaye na ɗiga a bakin mayafi, a fito a ce ta amince. Ita ma fa ta yi magana, ji ne ba a so a yi ba.

Ɗan Ƙofar Marusa: Hajiya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Shiru sai da mai saurare.

Auta: Ni shirun da na sani na WhatsApp ne. Ka tura saƙo, alamar ta koma shuɗiya, sannan shiru kamar an shuka dusa.

Malam Tela: Auta, wannan sunansa shariya. Wanda addini ya yaba na cikin Bukhari da Muslim: mai imani da Allah da Ranar Lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Magana zarar bunu ce, ga shi yanzu har hotonta ake ɗauka a ajiye maka.

Baba Mai Goro: Ku bar raba shirun gari da na baki, yara. Kafin Katsina ta zama hedikwatar jiha a 1987, ana idar da Isha'i ƙafa ke ɗaukewa. Mahaifinmu ya yi gyaran murya a zaure, gida duka ya nutsu. Yau je ka Ƙofar Ƙaura da la'asar: hon ɗin Keke Napep, injin niƙa, mai maganin basir da lasifikarsa. Yi gyaran murya a nan mu gani. Hasumiyar Gobarau ma ai ba don lasifika aka gina ta ba, maƙogwaron ladan aka dogara da shi.

Malam Tela: Baba, na karɓi rabi.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ku ƙarasa rabin ba ni, maƙwabcina ya samo mai. Ga shi can yana jan igiya.