Ina za mu gudu idan ruwa ya sake zuwa?

Ɗan Lamorde: Salamu alaikum. A Satumban 2020, da kogin Isa ya kai santimita 700 a Yamai, shingen ruwa ya ɓalle mana da dare. Na goya iyata, ita kuma ta ƙanƙame ledar takardun haihuwarmu, muka yi ta bulayi cikin duhu don ba wanda ya san inda za a nufa. A lakwal muka ƙare, aji ɗaya gida huɗu. A 2024 ma sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya. Yanzu wani dattijo ya ba unguwa aron fili mai rumfar kwano. Muna so ya zama matattararmu, ta damina da ta zafin Afrilu idan an ɗauke wuta. Ta ina za mu fara?

Malam na Talaje: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ku sayi ko bulo ɗaya, ku tambayi tsofaffi inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2020. In filin kwari ne, ku haƙura da shi. Kuma mabuɗi kada ya zauna hannun mutum guda.

Maman Biyu: Ƙanena, wurin da ba a shiga kullum ba a tuna shi ranar tashin hankali. Mu a Karaje ƙarƙashin rumfa muke zubin asusu duk Alhamis, irin na Mata Masu Dubara, dala ashirin ashirin ta taimako. Da ita muka sayi randuna uku, tabarmi da fitila mai aiki da rana. Abin da ya fi amfani kuwa littafi ne: mun rubuta gidan da ke da tsoho, mai ciki ko gurgu. Ranar da ruwa ya shigo, kowane yaro ya san ƙofar da zai buga. Don Allah ku gina makewayi na mata daban, mun sha wuyar wannan a lakwal.

Shugaban fada: Yaya, ku jawo 'yan fada. Mu muke zaune har ƙarfe biyun dare kan shayi, mu za mu fara ganin ruwa. Ku ajiye mana shebur da buhunan yashi, a rubuta lambar waya 18 ta 'yan kwana-kwana a bango.

Ɗan Lamorde: Na gode ƙwarai. Baba Malam, gobe bayan la'asar zan kai mai unguwa ya ga filin da idonsa.